Yadda Ake Zaɓar Gidan Raino da Sabar wa Yaro da Shi

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, huɗu kafin haihuwa, goma bayanta, sannan ta ba ta damar ɗaukar awa ɗaya a kowace rana domin shayarwa har jaririnta ya kai wata 15. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa malamar makaranta a Garwa ko ma'aikaciyar jinya a Marwa za ta koma bakin aiki alhali ɗanta bai cika wata uku ba. Ita kuwa mai tuyar ƙosai, da mai ɗinki, da mai rumfa a babbar kasuwa, babu hutun da wani ya rubuta musu. Da an yi wankan arba'in, sai neman abinci.

A babban gida irin na da, wannan ba ya zama matsala, domin ga kaka, ga gwaggo, ga matan 'yan'uwa, yaro ba ya rasa bayan da za a goya shi. Amma iyalin da aiki ya kai su Ngaundare suka kama ɗakin haya, danginsu na can nesa, ba su da wannan gatan. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko 'yar raino daga ƙauye, ko kuma a ɗora nauyin a kan yayar jaririn, yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ita kanta raino take buƙata. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a irin wannan tsari yara biyu ake cutarwa a lokaci guda: ƙaramin bai sami kulawar babba ba, babbar kuma ta rasa makaranta. Gidan raino, wanda a nan muka fi kira garderi, an yi shi ne domin toshe wannan giɓi. Sai dai ba kowane gida da aka kafa wa allo a ƙofa ne ya cancanci a miƙa masa amanar ɗa ba, shi ya sa ya kamata iyaye su bi abin daki-daki.

Mataki na farko shi ne ku san abin da kuke nema, domin mutane da yawa suna haɗa garderi da matarnel, alhali aikinsu ya bambanta. Matarnel makaranta ce ta share fagen firamare, tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimin tushe, tana karɓar yaran da suka kai kamar shekara huɗu, tana kuma bin kalandar makarantu da ke farawa a watan Satumba. Gidan raino kuwa na jarirai ne da 'yan tatata, kuma ba karatu ne aikinsa ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun fitar da wani tsari da ya tattara buƙatun ƙaramin yaro a abubuwa biyar: lafiya, da abinci mai gina jiki, da kariya daga haɗari, da damar koyo ta hanyar wasa, da kuma mai kula da ke lura da shi ta amsa masa idan ya yi kuka ko murmushi ko gwalan-gwalan. Na ƙarshen nan shi ne wanda ido ba ya saurin gani, kuma shi ne ya fi sauran nauyi. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa da sauri a shekarunsa uku na farko fiye da kowane lokaci na rayuwarsa, kuma abin da ke gina ta shi ne magana da shi, da kallon idonsa, da ɗaukarsa idan ya firgita. Saboda haka idan aka nuna muku yaro ɗan shekara biyu yana rera haruffan Faransanci a kan benci, kada wannan ya ruɗe ku. Ba shi ne ma'auni ba.

A wannan mataki kuma ya kamata a yi maganar a gida a gama ta. Maigida ya san inda za a kai ɗansa, ya taka da ƙafarsa ya gani. Idan kakar yaron tana kusa kuma tana da ƙarfi da sha'awar riƙe shi, to ga jaririn da bai kai wata shida ba hannunta ya fi kowane garderi, ba na ɗaya ba na biyu. Idan kuwa ta tsufa ko tana da nata uzurin, a yi mata bayani cikin ladabi, kada ta ɗauka an raina rainonta ne.

Mataki na biyu gajere ne: ku nemi na kusa. Uwa mai shayarwa ta fi buƙatar gidan da ke kusa da wurin aikinta, yadda awa ɗayan nan da doka ta ba ta za ta ishe ta zuwa ta ba da nono ta dawo. Doguwar tafiya a kan moto, wato babur, da jariri a goye, safe da yamma, cikin ƙurar hunturu ko ranar watan Afrilu, wahala ce da haɗari da ba dole ba. Ku tambayi matan unguwa da suka taɓa kai 'ya'yansu, musamman waɗanda suka cire nasu, domin su ne ke da labarin da mai gidan ba za ta ba ku ba.

Mataki na uku shi ne ziyara, kuma a nan ne ake yin zaɓen na gaskiya, domin gani ya kori ji. Ku je ba tare da kun sanar ba, kuma kada ku je da sassafe lokacin da aka share wuri, yara na cikin tsabtar kayansu. Ku je wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa azahar, lokacin da rana ta take, yara sun ji yunwa, masu raino sun fara gajiya. Ku yi sallama, ku ce, "Hajiya, muna so mu kawo ɗanmu ne, ko za ki ba mu dama mu zauna kaɗan mu ga yadda kuke yi?" Mai gidan da ta san aikinta za ta shimfiɗa muku tabarma. Wadda ta tsayar da ku a zaure ta ce ba a shiga sai da alƙawari, ta riga ta amsa muku tambayar da ba ku yi ba.

Idan kun zauna, kada idonku ya tsaya a kan zanen bango da kayan wasan roba. Ku dubi matan da ke riƙe da yaran. Yaro ya faɗi ya fashe da kuka: me ta yi? Mai raino ta ƙwarai za ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tasa, ta kira sunansa, ta kakkaɓe masa gwiwa, ta ce, "Yi haƙuri, babana, ƙasa ce ta buge ka? Zo mu gani." Wata kuma daga inda take zaune za ta daka tsawa, idonta a kan waya. Ku lura da yadda ake ba da abinci, ko ana jiran yaro ya haɗiye kafin a ƙara masa cokali, ko kuwa ɗura ake yi a danne shi a cinya a toshe masa hanci. Ɗura tana iya kai kunu cikin huhu, kuma duk gidan da kuka ga ana yin ta, ku tashi kawai. Ku lura kuma da su yaran: shin suna zuwa su jingina da mai rainon da kansu, suna jan zanenta, ko suna rabewa idan ta tunkaro? Yaro ba ya iya munafunci, jikinsa yana faɗin abin da bakinsa bai iya ba.

Akwai shiru iri biyu a gidan raino. Akwai na yaran da wasa ya ɗauke wa hankali, ɗaya na cika gwangwani da yashi, ɗaya na jera murafan kwalba. Akwai kuma na yaran da aka jera a gaban talabijin tun safe, ko waɗanda tsoro ya sa suka yi tsit. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ba ta yarda a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon talabijin ko waya ba, wanda ke tsakanin biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, sannan ta ce yaro daga shekara ɗaya yana buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a yini. Hayaniyar wasa ta fi wancan shirun na biyu alheri nesa ba kusa ba.

Ku ƙirga kawuna kuma. A ganina, mace ɗaya ba za ta iya ba jarirai fiye da uku ko huɗu haƙƙinsu ba, kuma idan wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, hannu biyu da baya ɗaya gare ta. Ga masu tafiya ana iya ƙara yawan, amma ɗaki mai yara ashirin da mace guda ba raino ba ne, tsaro ne kawai.

Mataki na huɗu, ku zagaya gidan kamar ku ne yaron da ke rarrafe. Ƙofar waje tana da sakata da hannun yaro ba ya kaiwa, ko tana buɗe ga titin da 'yan moto ke gudu? Rijiya da randa da bokitin wanki duk a rufe suke? Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba ya ihu. Murhu ya zama a keɓe yake. Kalanzir da aka zuba a kwalbar lemo, da maganin ɓera, da jarkar maganin feshin auduga da aka mayar ta ɗiban ruwa, wadda ba baƙuwa ba ce a yankinmu na noman auduga, duk ba su da wuri a gidan da yara ke yini.

Ruwan sha kuwa ku tambayi daga ina yake, ku ga yadda ake ɗibarsa. Moɗa guda da kowane yaro ke kafa wa baki a mayar cikin randa, ita ce hanyar da gudawa da mura ke bi su zagaye ɗaki cikin mako ɗaya, kuma jihar Arewa Mai Nisa ta sha fama da kwalara, har da babbar annobar 2010. Kowane yaro ya kasance da kofinsa. Ku nemi ganin wurin wanke hannu, ku tabbata akwai sabulu a jiƙe, alamar ana amfani da shi, ku ga inda ake zubar da fo da inda ake canza nafkin, wanda bai kamata ya kusanci inda ake dama kunu ba.

Zafi ma abin dubawa ne na musamman a wurinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, kuma ɗakin kwano marar silin da tagogi ƙanana yana iya galabaitar da jariri kafin la'asar. Ku nemi gidan da ke da inuwar bishiya ko rumfa, da iska mai ratsawa, ku tambaya me ake yi idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Wurin barci ya kasance da gidan sauro, jarirai a kwantar da su rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin tsummoki kusa da fuska.

Mataki na biyar shi ne zama da mai gidan. Ku nemi ganin takardar izinin hukuma, ku tambayi ko masu rainon sun sami horo, da kuma tsawon lokacin da suka yi a wurin, domin gidan da ma'aikata ke sauyawa kowane wata yana tilasta wa yaro sabon sabo kullum, kuma yawanci alama ce ta rashin biyan albashi. Ku tambaya kai tsaye: idan yaro ya yi zazzaɓi, wa ake kira, wane asibiti ake kai shi, wa ke da kuɗin moto a hannu? Idan yaro ya yi ƙiriniya ko ya ciji ɗan'uwansa, me ake yi masa? Amsar da ta ƙunshi bulala, ko kulle yaro a ɗaki, ko tsoratar da shi da dodo, ba abar karɓa ba ce ga ɗan shekara biyu. Ku faɗa a fili, a rubuta in da hali, cewa ba a ba ɗanku kowane irin magani ko jiƙo sai da saninku. Ina nanata wannan domin akwai magungunan mura na ruwa da ke sa barci, kuma mai rainon da yara suka yi wa yawa tana iya jarabtuwa da su.

Ku rubuta sunayen waɗanda kaɗai aka yarda su ɗauki yaron da yamma, kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo ya ce shi kawunsa ne. Ku daidaita kan kuɗi tun farko, ko na wata ne ko na zango, ko abinci na ciki, da abin da ake caji idan an makara, ku riƙa karɓar rasit.

Sai maganar harshe da tarbiyya. A yawancin gidajen raino na garuruwanmu yaro zai ji Fulatanci da Faransanci fiye da Hausa, kuma wasu iyaye suna fargabar hakan zai rikita shi. Ba ya rikita shi. Ƙaramin yaro yana iya ɗaukar harsuna biyu ko uku tare, kuma a garin da kasuwa ke ci da Fulatanci, makaranta da Faransanci, wannan riba ce. Abin da ake buƙata kawai shi ne ku koya wa mai rainon kalmomin da yaron ke amfani da su na ruwa da fitsari da ciwo, ku kuma riƙe Hausa da ƙarfi a gida. Idan kuna son a riƙa yi masa bisimilla kafin cin abinci, a saba masa ci da dama, ku faɗa tun ranar farko, ku kuma tambayi irin naman da ake dafawa.

Mataki na shida, shirin lafiya da jaka. Ku duba karnen riga-kafi, wato katin da ake rubuta alluran yaro, ku tabbata babu allurar da ta wuce: ta tarin fuka da ɗigon shan-inna a haihuwa, sai na mako 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda da ta shawara a wata 9. Tun watan Janairu na 2024 Kamaru ta shigar da allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro cikin jadawalin yara a wasu gundumomin lafiya, don haka ku tambayi asibitin unguwarku ko taku na ciki. A jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa kuma, da damina ana bi gida-gida ana raba maganin kariya daga zazzaɓin ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake sha kwana uku a jere kowane wata. Ku sanar da mai rainon ranakun, don kada yaro ya rasa saboda ba ya gida, kada kuma a ba shi sau biyu. Inda yara suka taru cuta tana saurin yaɗuwa, don haka gidan da bai nemi ganin karnen ɗanku ba, bai nemi na sauran ba ke nan.

Uwa mai shayarwa ta fara koyon tatsar nono mako biyu kafin ta koma aiki, ta saba wa jaririn sha da ƙaramin kofi ko cokali, waɗanda suka fi bulumboti sauƙin wankewa. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai kamar awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, a firji kuma har kwana huɗu, amma a zafin bazararmu kada a dogara da awa huɗun nan, a sa shi a kula mai ƙanƙara. A manna filasta a jikin mazubin a rubuta sunan yaron da lokacin tatsa. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma mazubin a ruwan ɗumi. Ga wanda ya wuce wata shida, kunu mai kauri da aka haɗa da garin gyaɗa ko waken suya, da ɗan ƙwai ko dakakken kifi ko garin zogale, ya fi koko tsararo da biskit. Gyaɗa ɗai-ɗai, da dabino da ƙwallonsa, da alawa mai tauri, suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro, kada a sa su a jakar. A saka kayan canji biyu, da zanen goyo mai ƙamshin uwa, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa.

Mataki na bakwai shi ne sabo, kuma gaggawa a nan tana jawo kukan makonni. Ku fara tun hutun bai ƙare ba. Ranar farko uwa ta zauna tare da shi awa ɗaya ko biyu su dawo gida tare. Kashegari ta miƙa shi ga mace ɗaya takamaimai, wadda za ta zama tasa, ta fita na ɗan lokaci ta dawo. A riƙa ƙara tsawon lokacin a hankali har ya kai yini. Yaran da ke tsakanin wata takwas zuwa shekara ɗaya da rabi su suka fi ƙyuya, kuma kukansu a bakin ƙofa alamar shaƙuwa ce da uwa, ba alamar an yi kuskure ba. Abin da ba shi da kyau shi ne sulalewa a ɓoye yayin da hankalinsa ke kan wasa, domin yaron da aka yi wa haka yakan daina sakin jiki, kullum yana gadin ƙofa. Ki durƙusa, ki ce masa, "Umma za ta tafi aiki, Inna za ta riƙe ka, in an yi la'asar zan dawo," ki miƙa shi, ki tafi ba waiwaye da yawa, sannan ki cika alƙawarin lokacin.

Bayan an saba, aikin iyaye bai ƙare ba. Kowace yamma ku tsaya minti biyu ku tambayi mai rainon abin da ya ci, da tsawon barcinsa, da sau nawa ya yi bayan gida, ku kuma gode mata da sunanta, domin macen da ake mutuntawa ta fi riƙe amana da zuciya ɗaya. Ranar da ya tashi da zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje ko jan ido, ya zauna a gida a kai shi asibiti, kada a ba shi farasitamol a lallaɓa a kai shi cikin 'ya'yan mutane. Mura da tari a watannin farko abu ne da aka saba gani ga duk yaron da ya fara cuɗanya, ba dalilin cire shi ba ne.

Dalilan cirewa daban suke. Idan yaro yana dawowa a galabaice da barcin da ba a iya tashinsa, ko da tabon da aka kasa bayyana asalinsa, ko da kunzugun da ya kwana biyu yana ƙona masa fata, ko awon asibiti ya nuna nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, ko kuma bayan wata guda har yanzu yana ƙanƙame ki yana karkarwa da ganin wata mace takamaimai, to ku koma ba sanarwa da tsakar rana ku sake zama ku duba. Idan abin da kuka gani bai kwanta muku ba, ku ɗauke shi a ranar, ko da an riga an biya kuɗin zangon. Idan kuwa akwai alamar duka ko cin zarafi, a fara kai yaron asibiti likita ya duba ya rubuta abin da ya gani, sannan a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku ko wurin jami'an tsaro, domin akwai sauran yara a gidan da iyayensu ba su sani ba.